Ƙarƙashin Kujerar Baba

Na murɗa kile.
Ta yi tari, ta yi tari, ta yi shiru.
Na sake murɗawa da bisimilla,
ta maimaita mini tarin jiya na tsohuwar tunkiya.

Safiyar Laraba ce a Bilbis.
Buhu tara na albasa na jirana a Tamaske,
mai gona ya ce rana na kaiwa tsaka
zai sallama wa wanda ya zo da kuɗi a hannu.
Pijon Baba kuwa ta durƙusa gindin dogonyaro
kamar raƙumin da ya hango kaya daga nesa.

Na ɗaga kapo, na tokare shi da guntun faskare.
Kan batir ya yi fari, sai ka ce an barbaɗa kanwa.
Na kankare da wuƙa, na wanke da ruwan zafi,
na ɗaure har tafin hannuna ya yi ja.
Oda ta amsa, kajin maƙwabta suka watse.
To, wuta akwai.

Lisansi fa? Jiya na zuba kwalba biyar.
Na zare tiyo, na tsotsa, na tofar,
ɗacin bai bar harshena ba har la'asar.

Kafin hantsi ƙofar gida ta zama makaranta.
Almu mai shayi ya ce an haɗa man da kananzir.
Wani mai kabu-kabu da ban san sunansa ba
ya rantse karbiratar ce ta sha datti.
Malam Atto bai ce komai ba, ya tofa wa sitiyari.
Yara bakwai suka tura mu har bakin Babaye,
na saki ambiriyaji sau uku,
sau uku ta yi tsalle ta koma barci.
Suka turo mu gida, dala biyar-biyar.

Na kira Tsahiru makanisiye, yana Ƙonni wajen biki.
Ya ce, ciro buji, jingina shi ga ƙarfe,
a murɗa, ka duba bakinsa.
Na duba. Ko ƙyallin ƙwayar ido babu.
Ya ce, bobin ta mutu, jika goma sha biyu,
sai jibi in Allah ya kai mu.

Na zauna bisa taya ina lissafin albasar wani.

Sai ga Inna Salamu da buta a hannu,
wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba,
ta dai zauna gefensa shekara ashirin da shida.
Ta ce, wa ya share motar nan jiya?
Na ce, Balki.
Har ƙarƙashin kujera?
Har can.
Ta ce, tahi ka miƙa hannunka na hagu,
bayan ƙarfen da ke ja da baya.

Na lalubo ƙwallon dabino, na lalubo tsohon tasbaha,
sai yatsana ya faɗa kan wani ɗan maɓalli,
sumul, babban yatsan wani ya cinye gefensa.
A Abija ya sa aka ɗaura shi, in ji ta, don ɓarayi.
Kowane dare sai ya kashe, kowace asuba ya tayar,
ku kuna zaton takalminsa yake gyarawa.

Wata takwas da rufe shi.
Shi ya bar shi a kunne, ranar da muka kai shi likita,
tun daga nan ba wanda ya taɓa, sai tsintsiyar Balki.

Na danna. Na murɗa.
Ta ɗauka tun kafin in saki kile,
hayaƙi ya kori Almu da tiren shayinsa.

Na ce, Inna, don me bai taɓa gaya mini ba?
Ta ce, ka tambaye shi?
Ta zuba sauran ruwan butar a gindin bishiya.
In ka samu albasar, ka zaɓo mini ƙanana,
su suka fi daɗewa ba su ruɓe ba.