Ƙuri'a Ta Uku

Ranar Laraba muka baro Garwa,
keken ɗinki ɗaure a saman mota,
Ladidi na rungume da tukunyar da ba murfi,
ni ina rungume da bakina.

A Yelwa, inda aka binne cibiyata,
ko akuya ta san zakara muke zaɓa.
Mai shayi, mai faci, har ladan,
in ka fara magana wani ya ƙarasa maka.
Ban san ra'ayi kaya ba ne
sai da na sauke shi a Domayo
na rasa lungun da zan jingine shi.

Nan Marwa, a layinmu, tsani ne ko'ina:
a tankin babur, a ƙofar mai niƙa,
a zanen matar da ke soya ƙosai,
tsani, tsani, har a murfin rijiya.
Zanen Ladidi mai zakara
cikin ɗaki muke shanya shi.
Kwana uku bai bushe ba,
yana warin damina da rashin gaskiya.

Sati biyu, sai ga Hamadiko maƙwabci
da bandir a kafaɗa:
riga talatin, kafin taron Asabar.
Almakashi ba ya tambaya.
Na yanka tsaninsu hawa-hawa,
na haɗa shi da zarena, ɗinki mai kyau,
don ban iya mummuna ba.
Na karɓi kuɗi, na auno gero.
Zakaran da ke cikina bai yi cara ba.

Da dare, gindin darbejiya, shayi na uku,
wani ya ce, "Mutanen zakara?
Sai cara da asuba, ba ƙwai."
Aka fashe da dariya.
Na yi tawa, irin mai tsayawa a haƙori,
ina tuna ubana da ya sayar da kekensa
don kuɗin motar zuwa taro.
"Kai fa, tela?"
Na ce allura ce jam'iyyata.
Suka ce na iya magana.
Na juya bisa tabarma har kiran farko.

Amma daren da zazzaɓi ya sanƙarar da Sabi'u,
ƙarfe biyu, ba wuta, Kaliyawo ya kawo ruwa,
Hamadiko ne ya tada babur,
rigar tsanin da na ɗinka a jikinsa,
yarona tsakanin ƙirjina da bayansa.
Na miƙa kuɗin mai, ya harare ni.
Wannan ma ban san inda zan jingine shi ba.

Lahadin zaɓe, ajin 'yan shekara bakwai.
Bayan labule na daɗe fiye da kima,
ba don shakka ba,
don nan kaɗai ne a garin
babu wanda zan yi wa murmushi.

Da magariba aka ƙirga da tocila.
Alli na ta jan kara a allo,
tsani, tsani, tsani,
har ya yi shinge.
Sai mai ƙirga ya ɗaga takarda: zakara.
Wani ya yi fito.
Can an jima: zakara.
Ladidi ta sunkuyar da kai.
Ana gab da kife akwati,
murya ta ce: zakara.

Uku.

Ni ɗaya. Ladidi biyu, in ji ta.

Tun ranar nake auna mutane
ba a kafaɗa da tsawon hannu kaɗai ba.
Mai ƙosai da ke ƙara mini biyu ba dalili?
Tsohon da bai yi dariya ba daren shayi?
Ko wanda ya fi kowa ɗaga murya?

Jiya Ladidi ta shanya zanenta a tsakar gida,
rabin zakaran na leƙe ta saman katanga.
Hamadiko ya wuce, ya duba,
ya tambayi jikin Sabi'u,
ya ce maɓallin rigarsa ya cire,
yaushe zai kawo.