Kwali na Tamanin

Shagona na bayan tashar Yelwa,
tsakanin mai faci da mai banda.
Biro nake sayarwa, da ambulan, da fayil,
da farar takarda rim-rim,
wadda ko gumin hannu ba ta so.

Ita ce yau kwana talatin da ɗaya a kan ruwa.

Ban taɓa ganin teku ba.
Abin da na gani lamba ce,
harafi huɗu, alƙalami bakwai,
da Lawwali ejan ya turo min daga Legas.
Bayan asuba sai in danna ta a waya,
wani ɗigo ya ɗan gusa a kan shuɗi
kamar kiyashi a bayan faranti.

Kwantenar ba tawa ba ce ni kaɗai.
Mu biyar muka yi karo-karo:
mai tayar babur daga Jega, mai kofuna, mai fitila,
da wata Hajiya da muryarta kawai na sani.
Ni lungu aka yaga min,
kwali tamanin, can ƙurya.

Babana Makau,
shekara arba'in yana kai mutane gungu da kwalekwale,
ya ce, "Wane marar kai ke ɗora takarda a ruwa?
Ni ko gishiri sai na lulluɓe da tabarma biyu."
Na ce jirgin nan ya fi kasuwarmu tsawo.
Ya ce, "Ruwa ba ya tambayar tsawon jirgi."

Hedimasta Nomau ya zo sau uku,
jarrabawa ta kusa, yara ɗari shida.
Magatakardan kotu ya leƙo,
wai shari'ar gona biyu ke kwana a fayil ɗaya,
har shaidu sun fara cakuɗewa.
Ina cewa, tana hanya, tana hanya.
Dala ta tashi sau biyu tun ran da na biya.
Da dare in zauna lissafi a bayan kwalin sabulu,
mai sayar da takarda
ya rasa ta rubuta asararsa.

Sai ɗigon ya tsaya cak.
Kwana tara a bakin Apapa, jirgi na bin layi
kamar mu a gidan mai.
Kwastan suka ce a buɗe, aka buɗe,
suka ce a jira, aka jira,
kuɗin jinkiri na haihuwa kowace safiya.
Na sayar da akuya biyu da rabin haƙurina.
Abin da teku ta yi a wata guda
hanyar Kwantagora ta so ta ninka.

Ran Talata da la'asar mota ta tsaya.
Muka sauke, muna ƙirge da alli a bango.
Saba'in da tara garau.
Na tamanin, gefensa ya yi duhu, ya kumbura.
Na yanka shi a hankali.
Takardun sun yi tudu da kwari,
wani rawayan layi ya bi bakinsu
kamar shatar da ambaliya ke bari a katanga.

Ban san me ya sa ba, na sa harshe.

Gishiri.

Na kai wa tsohon ɗaya, yana gyaran taru.
Ya shinshina, ya lasa, ya daɗe bai ce komai ba.
"Wannan ruwan ba na sha ba ne," in ji shi.
"Amma ya yi maka ragi,
ɗaya ya karɓa cikin tamanin.
Kwara ta karɓi ƙanena Jatau da rana tsaka,
ko rasit ba ta ba ni ba."

Ya linke takardar, ya sa a hula.

Hedimasta ya samu nasa, kotu ta raba gonakinta.
Na tamanin ban sa masa kuɗi ba.
Yana ƙarƙashin kanta,
biro na ɗan tuntuɓe a kansa,
a kansa kuma nake wannan rubutu.