Katin Nafi'u

A Bradford ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan riga.
Shi ya koro min Nafi'u ranar Talata,
ɗan shekara sha huɗu, jaka a kafaɗa ɗaya,
yana neman inda zai sa waya caji
ya tarar da ni bayan teburin laburare.

Na ji Hausa a bakinsa: "Ina tafe, Mama, ruwa ne."
Na ce, kana karatu?
Ya ce, na jarrabawa.
Na ce, wannan ai magani ne, ina abinci?

Na zaro masa wani siriri da ya sha hannu,
labarin yaron da ya yi ƙarya ɗaya a shafi na tara
ya ƙare littafin yana biyan bashinta.
Ban ce akwai darasi ba.
Yaro in ya shaƙi warin wa'azi, ajiyewa yake.

Mako biyu shiru.
Na ce shi ke nan, an yi asarar littafi.

Sai ga shi ran Asabar, fuska a murtuke:
"Don me karen ya mutu?"
Na ce ba ni na rubuta ba.
Ya tsaya yana sosa ƙeya.
"To, akwai wani?"

Na ba shi na yarinyar da ke fassara wa kakarta
wasiƙun asibiti,
tana rage musu ɗaci a hanya.
Wannan ya daɗe a wurinsa.
Da ya dawo da shi bai ce uffan ba,
sai kusurwar wani shafi da na gani a naɗe.
Doka ta hana. Na miƙe ta da farce, na kau da kai.

Mai kaurin nan na yaƙin taurari kuwa, kwana uku ya yi:
"Anti Sahura, wannan surutu ne."
Da gaskiyarsa. Ni ma ban kai ƙarshensa ba.

Iyaye kan tare ni bayan sallar Juma'a:
rubuta mana goma masu kyau.
Ni ban san goma ba.
Ku kawo min yaron, in ji abin da ke cinsa tukuna.

Jiya babansa ya leƙo da rigar tuƙin bas,
wai fitilar ɗakin yaron ba ta mutuwa sai ƙarfe ɗaya,
kuɗin wuta zai kai shi ƙasa.
Yana faɗa yana dariya.
A bakin ƙofa ya rage murya:
"Wancan na yarinyar da kakarta, yana nan?"