Mazubi

Batula ta dawo hutu daga Wad Madani
da jaka mai nauyi da sabon tabarau.
Ta iske ni bakin kogi a Mai-Wurno,
laka har gwiwa, ina cuɗa ta da kashin shanu.
Ta tattare mayafi, ta zauna kan tubalin jiya,
inda gawo ya ɗan rage mana inuwa.

Ta ce, "Baba, an yi wani tsoho a ƙasar Yunan,
tun kafin zuwan Annabi Isa.
Ya ce duk abin da ido ke gani kwaikwayo ne.
Jakin nan, tulun nan, har adalcin alƙali,
kowanne na da asalinsa a wani wuri
inda gara ba ta hawa,
ba tsatsa, ba tsufa, ba mutuwa."

Na ce, miƙo mini mazubi.
Na danna laka, na shafe baki, na kife.
Tubali ya fito, kusurwa guda ta zube.
Na sake. Wannan kuma ya yi ciki.
Shekara talatin da huɗu ina wannan kifi,
ban taɓa fid da wanda nake nufi ba.
Shi yana nan bayan goshina, lafiya lau,
ba ya tsoron wuta, ba ya shan ruwa.

Ta tafa hannu. "Ai ka riga ka gane!"
Na ce, dakata.
Mazubin ma Hamidan kafinta ya haɗa shi,
ya karkace tun shekarar da kogi ya ci gonar Mika'ilu.
Na cikin kansa ya fi wannan, ban musa ba,
amma da shi muka tsaya jira
da har yau uwarki na kwana a rumfar kara.
Ɗakin da aka yanke miki cibiya
da karkatattu ya samu ginuwa.

Ta ce, "Ya ce ilimi ba ɗura shi ake ba, tuno shi ake."
Wannan ta tsaya mini a maƙogwaro.
Ina ɗan shekara tara na fara taɓa laka,
hannuna ya bi hanya kafin Kawu ya buɗe baki.
Ban ba ta amsa ba. Na ƙara ruwa.

Sai ta hau maganar sarauta:
gari ba ya gyaruwa sai masani ya riƙe shi,
wanda ba shi da gona, ba shi da zinariya,
wanda sai an ja shi zuwa kujera yana turjewa.
Na ce, mun yi irinsa, ke kina goye.
Shu'aibu Gurgu. Dole muka yi masa
ya karɓi makullin injin ban-ruwa.
Albasar ƙaninsa ta yi yaushi tana jiran layi.
Rani uku, ya maido makulli cikin hula,
ya ce abin ya hana shi barci.
Wanda ya karɓa ya daɗe yana lasar baki.
Yanzu ko da dare ruwa ya san gonarsa,
ba ya ɓata hanya, ba ya tsayuwa.

"Saura ɗaya," in ji ta, tana kallon ƙasa.
"A birnin nasa ba a barin masu waƙa,
wai kwaikwayon kwaikwayo suke yi."
Na dafa aljihun da takardar ajamina ke ciki.
Na ce, to, a gaishe shi.
In ya kore ni, zan kafa matoya a bayan ganuwa,
ran da katangar birnin ta tsage
ai ya san inda zai aiko.

Magariba ta yi, muka cinna wa matoya wuta.
Batula ta cire tabarau, ta ɗauki tubali biyu-biyu,
tana jerawa, tana ware masu ciki gefe.
Na ce, sa su duka, 'yata,
bangon makewayi ma yana son tsayuwa.