Kiɗan Gareji

Kwantena ta sauka Ladipo da asuba,
injuna rabi-rabi, ƙofofi, fitilu,
duk tokunbo, duk da warin gishirin teku.
Rabona rediyon mota ce, baƙa, mai tabo,
bakinta a cije kamar akuyar da ta saci dusa.
Na sa sukundireba, na lallashe ta,
ta tofo kaset.

Rubutun jikinsa kamar kaji sun yi tsere cikin tawada.
Okwudili, mai shago jikin nawa, ya leƙo:
"Na Japan ne. Jefar."
Ban jefar ba. Na haɗa waya da batir.

Wayyo.
Na ɗauka lasifikar ce ta yage,
na canza wata, ita ma ta yage.
Ashe can gida suka yaga sautin da gangan
kafin su aiko.

Wani yaro ya ƙirga abu huɗu, da sauri,
sai duk suka afka ciki
kamar masunta an buga bindigar su.
Jita na gurnani, janareto ya sha gurɓataccen mai.
Ganga na gudu ba ta jiran kowa,
danfo ce ta hango fasinja a Oshodi.
Mai waƙa na ihu, maƙogwaro a tsage,
ban san ko budurwa ta ƙi shi ba
ko kuɗin haya ne ya cika.
Minti biyu, an tashi.
Ba sallama, ba kirari,
ba a kira sunan mai kuɗi ko ɗaya ba.

Gbenro, ɗalibin da ke kawo mini gyara,
ya saurara, ya yi dariya:
wai sunansa kiɗan gareji,
samari ke taruwa inda mota ke kwana,
su ja ƙofa, su ƙure murya.
Na ce gareji? Shekarata sha tara a cikinsa,
ban san muna da makaɗa ba.

Sai na tuna kakana Barau a Ringim,
yana ɗaura 'yan zobban ƙarfe a wuyan garaya
don ta riƙa ƙeƙe-ƙeƙe.
Yakan ce sauti mai tsabta
miya ce ba daddawa.
Da ya ji waɗannan, da ya toshe kunne ɗaya,
ya bar ɗaya.

Wa ya manta ku a cikin rediyo?
Ina zaton mai gangar ne.
Ya girma, ya ɗaura laktaye,
jirgin ƙasa na matse shi kowace safiya,
ya sayar da motar bai duba bakinta ba.
Aka raba ta biyu da zarto,
gabanta ya zo Legas,
bayanta Allah kaɗai ya sani.

Da yamma, in an ɗauke wuta
kasuwa ta koma hayaƙi da tsaki,
nakan kunna.
Iya Risika mai wake ta ɗaga ludayi:
"Malam, ƙusa kake soyawa?"
Na rage. Ta juya baya.
Amma na ga dugaduganta a cikin silifa
suna yi mata ƙarya.

Zaren ya fara gajiya yanzu.
Sau biyu rediyo ta tauna shi,
na naɗe da biro, a hankali,
kamar mai ɗaure wa yaro ciwo.

A waƙa ta uku akwai wani wuri:
mai jita ya kuskure,
wani ya yi tari, wani ya tuntsire da dariya,
ba su goge ba.
Nan nake jira kullum,
da ƙarfen dalma a hannu yana hucewa,
in ji tarin mutumin da ban sani ba
ya ƙetare teku, ya biya kwastan,
ya zauna kan bencina.