Takarda Mai Shafi Huɗu

A Aberdeen ruwan sama ba ya sallama,
ya sauka kan dutsen gari, toka kan toka.
Ran Talata muka hau bene na biyu,
ni da Struan, da lema guda mai karyayyen haƙarƙari.
Ofishin lauya Rennie na ƙamshin shayi da tsohuwar takarda.

A matakala ya ja hannuna:
"Morven, ana yanka wa mai lafiya likkafani?"
Na ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya."

Ban gaya masa na tuna Ailsa ba, uwata,
shekara ashirin da shida tana goge tagogin
gidan da babu sunanta ko a ƙofa.
Ranar da ta fita na ƙirga kayanta:
akwati biyu, keken ɗinki, butar shayi,
da hannaye waɗanda sabulu ya cinye.
Ta nemi aiki, aka ce, "Me kika taɓa yi?"
Ta buɗe baki. Ta rufe.

Ni shekara tara ina gwajin jini a asibiti
kafin tagwaye su zo, Eilidh da Lachlan,
kafin mantuwa ta kama surukata
har ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu.
Shi kuwa jirgi mai saukar ungulu ke ɗaukarsa,
mako uku kan rijiyar mai a tsakiyar teku.
Wani dole ya zauna. Na zauna.
Ba wanda ya sa min wuƙa a wuya.

Rennie ta gyara tabarau, ta ce,
"Nawa ne kuɗin dare guda na zazzaɓin yaro?"
Muka yi dariya, ita ba ta yi ba.
Ta rubuta rabin gida.
Ta rubuta wani kaso duk ƙarshen wata
ya faɗa asusun da ni kaɗai ke da mabuɗinsa.
Ta rubuta fansho a raba shi kamar burodi,
da kuɗin karatun shekara biyu
in wata rana na koma neman farar rigata.
Ta ce ya kai wa nasa lauyan,
kada gobe a ce an yi masa rufa-rufa.

Ya karanta da yatsa, layi bayan layi,
kamar mai duba bututu yana neman inda yake yoyo.
Kunnuwansa suka yi ja.
Na ce a raina, shi ke nan, na ɓata rawata da tsalle.

Sai ya ce, "Ara min biro."
Ya soke sunana a wuri bakwai,
ya sa: duk wanda ya zauna a gida.
"Mai yana ƙarewa," in ji shi,
"wa ya sani ko ni zan riƙe tsintsiya."
Ya mai da biyun nan uku.

Yanzu takardar tana cikin gwangwanin biskit,
ƙarƙashin katin rigakafi
da haƙorin Lachlan na fari.
Fatana asu ya cinye ta
kafin wani ya sake buɗe ta.

Amma tun ranar, in na shanya wanki
iskar teku tana fizgar zanen gado,
ba na jin kamar mai zaman haya.
Na ɗaga kai in jirgi ya wuce,
na ɗaga hannu, ko ba nasa ba ne.