Ɗaki a Kan Amalanke

Na kafa ɗaki a kan amalanke,
langa-langa, katako da ƙusa,
don in riƙa kwana gadin shinkafa
a fadamar Auyo.

Daren farko na rufe ko'ina ruf.
Kafin asuba na zama dambu a madambaci,
rufin kansa gumi yake,
yana ɗiga mini a goshi.

Cindo maƙeri ya zagaya ɗakin,
ya ƙwanƙwasa bango, ya ja tsaki:
"Jatau, ka taɓa duba suri?
Gara ba ta toshe gidanta.
Iska baƙuwa ce mai kunya,
ba ta shiga inda ba ta hango mafita ba."

Muka huda ƙasa, ɓangaren kogi,
muka huda sama, dab da rufi,
inda zafi ke taruwa.
Ragar waya saboda sauro,
tsagin gwangwani ya zama malfa
kada ruwan sama ya leƙo.

Yanzu sanyi kan shigo ta ƙafafuna,
ya bi ta hancina da ƙamshin laka,
ya fice.

Jiya har rana ta take ina minshari,
jan-baki suka yi walima a gonar.
Cindo, tiya biyu nake bin ka.